Sauke Golf a Garwa: aikin leɓen bamba

Asabar, 3 ga Fabrairu 2024

Sifirin ɗin da na yi oda daga Duwala sun iso jiya da dare. Na hannu ne amma ba tsatsa, kuma an rubuta za su sauke mota milimita 35 a gaba, 30 a baya. Motar Golf 4 ce ta 2001, injin fetur 2.0, wadda ta fara rayuwarta a Turai kafin ta faɗo hannuna. Tun lokacin da aka gyara titunan Garwa, garinmu a arewacin Kamaru, gabanin Kofin Afirka na farkon 2022, musamman wajen filin wasa na Rumde Ajiya, nake kwaɗayin ganin ratar da ke tsakanin taya da madigadi ta rufe. Ba tsere zan yi ba. Ina son ta riƙa zama daram a kwana, ina kuma son ganinta a haka, iyakar dalilina ke nan.

Kafin a taɓa komai na kai ta kan simintin gareji mai lebur na auna. Daga ƙasa zuwa bakin baƙar robar nan da ke ƙarƙashin bamban gaba, wadda zan riƙa kira leɓe, santimita 19. Daga ƙasa zuwa kwanon baƙin mai, santimita 13. Daga inda tayar gaba ta taɓa ƙasa zuwa daidai ƙarƙashin leɓen, kusan santimita 70. Duk mai niyyar wannan aiki ya fara da wannan awo, ya rubuta a takarda, don bayan an sauke mota ido ba ya tuna yadda take a da.

Kwanon baƙin mai na Golf 4 na alminiyam ne, ba ya loɓawa kamar na ƙarfe, tsagewa yake. Kamfanin Volkswagen da kansa ya san haka, shi ya sa motocin da yake tanada wa ƙasashe masu munanan hanyoyi yake ɗaga su kaɗan, ya kuma sa musu faranti na ƙarfe a ƙarƙashin inji. Ni kuwa ga ni zan yi kishiyar haka. Da Kawu ya ji, sai ya ce, "Ɗan nan, mutane na neman yadda motarsu za ta tsallake rami, kai kana neman yadda taka za ta gaisa da shi?" Na ce, "Kawu, a sa mana albarka dai." Ya ce Allah ya shirya.

Asabar, 10 ga Fabrairu

An ɗaura. Aikin bai ba da wahala ba. Gaba sai an ciro shokazoba gaba ɗaya tare da sifirin ɗinsa a matse da abin matsewa, baya kuwa sifirin daban yake zaune, ana kwance shokazoba ya sako. Na sayi sabbin robobin saman shokazoba da robar da ke tare shi idan ya kai ƙarshe, tunda tsofaffin sun dagargaje.

Malam, makanikena, ya sake kawo maganar da ya yi mini tun bara, wai da na bari ya yanke zagaye ɗaya daga sifirin na asali da na huta da kashe kuɗi. Haka ake yi a garejin da yawa, wasu ma gasa shi suke da wutar walda har ya zauna. Ban yarda da ko ɗaya ba. Wanda aka gasa ƙarfinsa ya tafi, zai ci gaba da zama, wata rana ya karye. Wanda aka yanke kuma ba ya zama daidai a mazauninsa, idan taya ta faɗa rami ta miƙe yana iya gocewa.

Abu biyu na tsaya a kansu. Notunan da ke ratsa robobin hannun taya ba a ƙarasa ɗaure su sai mota ta sauka a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta mutu da wuri. Sannan na sa aka duba tsakanin sandar da ke kai juyi ga tayar dama da sandar da ke hana mota tangaɗi. A wannan ƙirar, idan aka wuce gona da iri wajen saukewa, su biyun gugar juna suke. A milimita 35 akwai sauran rata.

Ta yi kyau, wallahi. Yaran gareji har hoto suka ɗauka.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Sifirin sun gama zama. Leɓe yanzu santimita 15 da rabi, kwanon mai 9 da rabi.

Idan mutum ya duba lambobin sai ya ɗauka leɓen ba shi da matsala, tunda ya fi kwanon mai nisa da ƙasa. To amma shi ne ke ta kuka tun ranar farko, don a gaban taya yake. Duk inda ƙasa ta fara hawa, shi ke isa can tayar na baya tana tafe, ba ta kai ga ɗaga motar ba tukuna. A da ƙasa na iya tashi santimita 19 cikin waɗannan 70 ɗin kafin ta taɓa shi, wato gangara mai digiri 15. Yanzu digiri 12 da rabi kawai yake ɗauka. A takarda ba wani abu ba ne. A ƙofar gidanmu, inda aka zuba siminti a kan kwata aka yi ɗan hawa, shi ne bambancin shiga lafiya da shiga da ƙara har maƙwabta su leƙo.

Saukowa ma haka. Idan za ka bar kwalbati ka hau titi, hancin motar ne ke nufar ƙasa. In kuma ƙafarka na kan burki, nauyi ya komo gaba, sifirin ya matse, ka sake rasa santimita biyu ko uku. Yanzu tun daga nesa nake rage gudu, in saki burki kafin taya ta kai tudun rage gudu, in kuma shiga a karkace, taya ɗaya ta fara hawa ta ɗaga gefenta kafin ɗayar. A cikin gari wannan karkacewar na bukatar ido huɗu saboda masu babur. Ba wanda zai jira ka, ta hagu da ta dama za su kutso.

Yau da yamma a Yelwa na faka hancin motar ya hau saman dakalin bakin titi. Shigar ba ta yi ƙara sosai ba. Da na zo ja da baya sai gefen simintin ya kamo leɓen ta ciki ya finciko shi waje, kunnuwan da ke maƙale shi a bamba na ɓangaren hagu suka ɓalle. Guga ta gaba tura shi take ciki, wannan yana jurewa. Ta baya ce ke cire shi. A kujerar baya ya iso gida.

Asabar, 2 ga Maris

An saita tayoyin gaba. Sauke mota na canza yadda suke fuskantar juna, in aka bari cikin taya zai cinye kafin damina. Fitilun gaba ma na sa an ɗaga su kaɗan, tunda gaba ya fi baya sauka sai hasken ya koma kallon ƙasa.

Malam ya juya leɓen a hannunsa ya ce, "Alhaji ƙarami, wannan ado ne kawai. Bar shi a nan, ka huta." Rabin Golf ɗin da ke yawo a garin nan ba su da shi, gaskiyarsa ce. Na ce a bar motar haka tukuna in gani. Cikin gari kuwa sai daɗi, ba guga ba ƙara.

Asabar, 16 ga Maris

Muna cikin azumi, rana kuma ta buɗe sosai, zafi ya haura digiri 40 da azahar. Wannan ne lokacin da nake jira.

Leɓen nan aiki yake yi. Idan mota na gudu, yana tare iskar da za ta kutsa ƙarƙashinta, sai iska ta taru a gaban lagireto, bayansa kuma, wato ɗakin inji da ƙasansa, matsin iska ya ragu. Wannan bambancin ne ke jan iska ta ratsa lagireto ta fita ta ƙasa. In babu shi, iska na shiga ƙarƙashi ta cika ɗakin injin daga ƙasa, wadda ta biyo ta lagireto ta rasa mafita mai sauƙi. Akwai motocin Amurka na shekarun 1980 irin su Camaro da Firebird da kusan duk iskar lagiretonsu daga ƙasa suke ɗiba. Waɗannan idan robar ta faɗi, a cikin gari lafiya lau, suna hawa babbar hanya sai su fara tafasa. Golf na da buɗaɗɗen hanci, don haka abin bai kai nan ba, amma an ƙera ta ne a Jamus, ni kuma a Garwa nake tuƙa ta cikin Maris da na'urar sanyi a kunne.

Allurar zafi ta cikin mota ba za ta gaya maka komai ba. An tsara ta ne ta tsaya a kan 90 ko da ainihin zafin ruwan ya ɗan yi ƙasa ko ya haura da yawa, don kada hankalin direba ya riƙa tashi. Sai na sa 'yar na'urar nan da ake cusawa a ramin OBD, wato inda ake jona na'ura da kwamfutar mota, tana turo ainihin lambar zuwa waya. Ƙanena ya riƙe wayar yana karanta mini.

Mun bi hanyar Marwa, muka wuce Pitowa (na guji Lahadi da gangan, ranar kasuwarta ba a gudu a nan), muka miƙa wajen Figil. Gudu kilomita 100 inda hanya ta ba da dama, sanyi a kunne. Ba leɓe, ruwan ya zauna tsakanin 98 da 99. Muka tsaya a inuwar wata bishiyar darbejiya, muka maƙala leɓen da igiyoyin roba masu haƙora irin na ɗaure wayoyin lantarki, muka sake bin wurin a gudu ɗaya, rana ɗaya. Ya sauko 93 zuwa 94. Digiri biyar ba zai ƙona inji yau ba. Amma ranar da aka cika motar da mutane ana hawan dutsen Mbe a hanyar Ngaundare a bayan tirela, waɗannan biyar ɗin su ne rarar da ke hannunka.

Wani abin da ban yi tsammani ba: robar da ke rufe ƙarƙashin inji, bakinta na gaba a jikin leɓen yake kamawa. Da babu leɓe, iska na shiga ta bakin ta danno ta ƙasa, tana ta faɗa-faɗa daga gudu 80. Da an daɗe a haka da ta yage ta bi hanya. Ina jin haka yawancin motocin garin nan suka rasa tasu.

Akwai kuma maganar mai. Leɓe na rage jan da iska ke yi wa mota, ko da kaɗan ne, kuma a farkon Fabrairun 2024 litar fetur a gidan mai ta tashi daga sefa 730 zuwa 840. Ban auna wannan ba, amma ba zan yar da abin da ke taimakona ba.

Mun sha ruwa a hanya da dabino da ruwan da ya riga ya yi ɗumi a but.

Asabar, 30 ga Maris

Shawarar da na yanke: a rage tsawon ɓangaren mai tauri, a mayar da tsawon da abu mai lanƙwasa.

Da farko gyaran kunnuwan da suka karye. A cikin leɓen akwai tambarin PP, irin robar da gam na yau da kullum ba ya kamawa, ɓanɓarewa yake. Na kai wa wani yaro da ke gyaran robobin babur kusa da babbar kasuwa. Na zauna ina kallo. Ya yanko 'yar ragar waya mai laushi kamar faɗin yatsa biyu, ya ɗora a kan karayar ta ciki, ya danna ta da ƙarfe mai zafi har ta nutse cikin robar. Sannan ya yanko siririn ɓalli daga wani mataccen bamba mai tambari iri ɗaya, yana narkar da shi a kai yana shafewa da bakin ƙarfen, hayaƙi na shiga idonsa ko ƙiftawa ba ya yi. Da ya huce na murɗa kunnen da ƙarfi, bai motsa ba.

Daga nan gareji. Muka ja layi da tef, muka yanke santimita biyu da rabi daga ƙasan leɓen da zarto mai ƙananan haƙora, muka bar wuraren da ke riƙe robar ƙarƙashin inji. Mai taurin ya koma santimita 18 daga ƙasa, kusan inda yake kafin a sauke motar.

Robar da za a rataya ita ta ɗauki tunani. Malam ya kawo tsohon tib na babbar mota. Ya yi laushi da yawa, iska za ta kwantar da shi baya da zarar an fara gudu, a lokacin da ake bukatarsa ke nan. Abin da ya dace shi ne tsohon bel irin na injinan masana'anta, mai zare a cikinsa, kauri milimita 6. Na samo a wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa. Iska ba ta lanƙwasa shi, siminti na lanƙwasa shi ya dawo. Muka yanko mai faɗin santimita 10, uku suka hau jikin leɓen ta ciki, bakwai suka sauko. Bakinsa na ƙasa yana santimita 11 daga ƙasa.

A kusurwoyi biyu inda bamban ya lanƙwasa mun ɗan tsaga saman bel ɗin don ya bi kwanar ba tare da ya tattare ba. Ramukan da muka huda a jikin leɓen mun ɗan ja su a kwance, saboda roba na miƙewa a zafin nan, in ramin ya matse noti sai ta kumbura tsakanin noti da noti. Malam ya so a ɗaure duka da notunan ƙarfe har cikin bamba. A nan muka ɗan ja. Na ce bel da leɓe a haɗa su da noti da faffaɗan washa, amma leɓe da bamba a bar su a kan kunnuwansu na roba. Ranar da abu ya kama shi da gaske, gara ya cire ya bar mini bamba da fitilu a wurinsu. Ya yi shiru, can ya ce, "To, motarka ce." A wurin Malam wannan amincewa ce.

Saukar da bel ɗin har 11 na da wata riba. A da dutse mai tsawon santimita 12 zai wuce ƙarƙashin leɓe shiru ya je ya sami kwanon mai. Yanzu bel zai fara taɓa shi in ji, in ina tafiya a hankali in tsaya.

Asabar, 13 ga Afrilu

Zirga-zirgar Sallah ta gwada shi. Da mutum biyar a ciki yana shafar hawan ƙofar gida kullum, ƙarar dai ta koma "shuu" maras tada hankali. Zafin ruwa a hanyar Ngong 92 zuwa 93. Noti ɗaya ya kwance, na sa masa mai roba a ciki wanda ba ya warwarewa.

Asabar, 4 ga Mayu

Farantin kare kwanon mai. Mai walda ya yanko ƙarfe mai kaurin milimita 3, ya lanƙwasa bakinsa na gaba sama don ya riƙa zamewa a kan abu maimakon ya caka. Ta baya an ɗaure shi a jikin ƙarfen da ke ɗauke da hannuwan tayoyin gaba, ta gaba kuma a ƙafafun shasi, ko kusa bai taɓa inji ba. Inji motsi yake a kan robobinsa duk lokacin da aka ba da wuta ko aka canza giya, don haka mun bar ɗan sarari tsakaninsa da kwanon. Akwai rami daidai wurin juye mai, da wasu ƙanana don zafi da ruwa su fita.

Abin da ya ci mini shi ne santimita ɗaya: mafi ƙasan abu a motar yanzu 8 da rabi. Na san da haka na karɓa. Tsohuwar robar ƙarƙashin inji an yanke tsakiyarta, gefunan da bakin gaban suna nan.

Asabar, 20 ga Yuli

Damina ta sauya lissafin. Kan kwalta ba abin da ya canza, sai yashin da ruwa ke tarawa a mararraba, wanda bel ɗin ke sharewa. Matsalar ita ce 'yar hanyar ƙasa da ke shiga unguwarmu. Tayoyin manyan motoci sun haƙa layi biyu, tsakiya ya tashi. Idan na bi layin, farantin na jan ciki tun daga farko har ƙarshe. Dole in ɗora taya ɗaya a kan tudun tsakiya, ɗaya a gefe, in tafi a giya ɗaya. Fentin farantin ya goge, akwai loɓa guda mai zurfi a ɓangaren dama, daidai ƙarƙashin kwanon mai.

Ruwan da ke kwanciya a titi ma sai a hankali. Bel ɗin na turo shi gaba ya taso, in aka ƙara gudu zai hau har hanci. Duk inda ya kai rabin tayar babur, juyawa nake.

Bakin bel ɗin ya cinye kusan santimita ɗaya a tsakiya, zaren ciki ya fito. Laka na taruwa tsakaninsa da leɓe ta bushe ta yi nauyi, sai an wanke da tiyo bayan kowane ruwa. Kunnen da yaron nan ya narka yana nan, wani na asali ne a dama ya fara tsagewa.

Na aika Yola a nemo mini zoben da ake sawa a saman shokazoban gaba, mai kaurin santimita ɗaya, ya ɗan ɗaga hancin har damina ta wuce. Idan ya zo sai an sake saitin taya da fitilu. Ragowar bel ɗin da ke gareji zai isa yanka ɗaya, wannan karon zan sa faɗin santimita 11.